Tafintana Ɗan Farina Ne

A kan keken marasa lafiya aka fito da ni daga jirgi a Hartum. Wani dogon mutum ne yake tura ni, yana ta zuba mini Larabci, ni kuwa ina ta "to, to," ban san ko gaisuwa yake ba ko mita. Da aka buɗe ƙofar waje, zafin garin ya doke ni a fuska kamar na leƙa tukunyar dambu. Ni da ban taɓa wuce Katsina ba sai a wannan tafiyar, ga ni a ƙasar Sudan, zanena na ciki a jiƙe, ba abin da nake roƙon Allah sai kada mai turin nan ya ji wari.

Bari in faɗi abin da ya kai ni, don yanzu ciwo ya cinye kunyar faɗarsa. Ciwon baya ne, kuma ya daɗe. Tun ina da ƙarfina, ina daka ina suyar ƙuli-ƙuli a gidanmu na Daura, yake zuwa yana tafiya. In ya zo sai in ɗaure ƙugu da ɗankwali in ci gaba da aikina. Shekarar da maigidana ya rasu, Allah Ya ji ƙansa, ina cikin takaba ciwon ya gangaro ƙafar hagu, kamar an zura mini waya mai zafi daga ƙugu har babban yatsa. Kafin a gama rabon gado a kotun shari'a, a ja katanga ta tsakiyar gidan da na share shekaru ina shara, wani abin ya ƙaru wanda ban faɗa wa kowa ba. Fitsari ya daina jin maganata. Mazaunaina suka yi kamar ba nawa ba, in zauna a tabarma ban san na zauna ba. In yi alwala in ta da salla, kafin in kai ruku'u ta tafi.

Malamarmu ta Islamiyya ta sha faɗa mana cewa mai lalura sallarsa ta yi. Na sani. Zuciyata ce ba ta sani ba.

An kai ni asibiti a garinmu, an kai ni Katsina. Ko'ina ƙanena Lawal yana tsaye a kaina, don haka baya da ƙafa kawai nake ambata, a ba ni ƙwayoyi mu dawo. Lawal ne ya ce a sayar da shanun da suka faɗo a rabona a kai ni Sudan, tunda ana yabon likitocinsu, kuma ga yaron nan can yana karatu. Kujera ɗaya ƙarfinmu ya kai a jirgi. 'Yata Binta ma tana da tsohon ciki, ba halin rakiya. Su suna cewa a je a nemo maganin baya. Ni abin da na tafi nema ɗaya ne, in riƙe alwalata daga kabbara zuwa sallama.

Yaron nan da na ce, ɗana ne na fari. Ba zan rubuta sunansa ba, kun san dalili. Ana yaye shi kakarsa ta ɗauke shi zuwa garin Babban Mutum, can ya girma. In ya zo gaisuwar salla sai ya tsuguna a bakin ƙofa, ni ina kallon murhu ina amsawa. "Yaya" yake ce mini, yadda ya ji ƙannena suna faɗa. Ni mai surutu ce, duk unguwarmu an shaida, har da kaji nake hira in ban samu mutum ba. Amma duk maganar da na taɓa yi da shi tun haihuwarsa, in an tara, ba za ta cika faifai ba.

Shi ne ya tare ni a filin jirgi. Ya yi gemu, ya rame, yana cikin farar jallabiya. Ya durƙusa gefen keken.

"Yaya, sannu da hanya. Ya jiki?"

Na kalli jakata na ce, "Da sauƙi. An same ku lafiya?"

A bayansa akwai wani mutum mai tumbi da dogon carbi, ɗan ƙasarmu ne, ana ce masa Ustaz Bala. Ya daɗe a Hartum, aikinsa tarar marasa lafiya daga gida yana nuna musu hanya. Shi kam bakinsa ba ƙofa.

"Hajiya! Hajiya Babba! Kin zo gida. Ki ɗauka kin warke."

Na ce, "Ban je Makka ba tukuna, Malam."

"Ai daga nan jifa ce, Hajiya. Da ƙafarki za ki yi ɗawafi."

Ɗaki ɗaya aka kama mana da ɗan tsakar gida. Yaron ya baro ɗakin ɗalibai ya dawo wurina, ya sa gadon igiya a waje, can yake kwana. Da safe ya ajiye mini ruwa da burodi a bakin ƙofa, ya yi sallama ya koma gefe. Sai na ji ya ja ƙofar gida ya tafi makaranta, sannan in rarrafo in fito da tsummokaran da nake ƙunzugu da su in wanke, in shanya a bayan ƙyaure inda ido ba ya kai wa. Zafin rana kaɗai ne alherin garin nan gare ni, kafin ya dawo sun bushe ƙarau.

Zangonmu na farko wani ƙaramin asibiti ne a saman bene, can Ustaz ya kai mu. Ba su tambaye ni komai ba. An kwantar da ni aka ɗaura mini ƙarin ruwa, wani ruwa rawaya kamar an jiƙa rawaya a ciki. Ku duba fa, macen da ba ta iya riƙe abin da ke jikinta, a ɗura mata leda bayan leda. Ina kwance ina kallon ɗigon nan yana sauka, na san inda zai ƙare. In an gama sai in jira kowa ya juya baya kafin in tashi, in ja mayafi in rufe shimfiɗar.

Allah bai ba ni karatu mai yawa ba, amma Ya ba ni kunne da ido. 'Yan makonni muna zarya, na lura duk wanda Ustaz ya kawo, ruwan nan ake ɗaura masa. Akwai wani tsoho daga Gusau mai ciwon ido, ruwan rawaya. Akwai wata yarinya daga Azare mai neman haihuwa, ruwan rawaya. Kuma duk sanda muka sauko daga benen, Ustaz sai ya ce ya manta carbinsa a sama, ya koma shi kaɗai.

Wata rana a hanya na ce, ina kallon titi, "Mutumin nan kullum sai ya manta carbi, ga shi kuwa a wuyansa. Ruwan can ma, ko akuya aka kawo shi za a ɗaura mata."

Yaron yana gefena yana ji. Washegari na jiyo shi da Ustaz a ƙofar gida.

"Ni za ka tuhuma? Ni da na ɗauki uwarka kamar tawa?"

"Ban tuhume ka ba, Ustaz. Takardunta kawai nake so."

"Ku mutanen Daura, a yi muku rana ku yi wa mutum dare. Je ka nemo likitan da kanka, malamin Larabci!"

Ba mu sake ganinsa ba, takardun ma ba mu gani ba. Saniya guda ta narke a benen nan.

Daga nan wani malaminsu ya kwatanta masa babban asibiti, wurin likitan ƙashin baya. Aka tura ni cikin wani inji mai kama da kabari, yana ƙara kamar ana sassaƙa turmi a kaina, na yi ta salati har aka jawo ni. Da hoton ya fito muka shiga wurin likitan. Dattijo ne mai furfura, mai sanyin hannu. Ya ƙwanƙwasa gwiwoyina da 'yar guduma, ya soka mini tsinke a tafin ƙafa, yana tambaya yaron yana juya mini. Tun yaushe? Ina ne ya fi zafi? Tafiya ko zama? Duk na amsa.

Sai ya koma kujerarsa ya cire tabarau. Ya dube ni, ni fa, ba yaron ba, ya yi wata doguwar tambaya a hankali. Yana yi yana dafa kujerar da yake zaune a kai.

Ba na jin Larabci. Amma shekarun da aka ƙaddamar da shari'a, an buɗe mana Islamiyyar matan aure a unguwa, muka haddace abubuwan da suke warware alwala. A cikin maganar likitan nan na ji kalmar bawali, ta fito fes kamar malamarmu ce ta faɗa. Na ga hannunsa a kan kujera. Na san abin da ya tambaya, kamar da Hausa ya yi.

Yaron ya sunkuyar da kai yana kallon daɓe. Ina ganin ƙeyarsa, gumi yana gangarowa cikin wuyan jallabiya. Can ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Ya ce... ko cikinki lafiya. Ko kina cin abinci."

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Maganar tana nan a kan harshena, ita na ƙetare ƙasashe don in faɗa. Amma ta ina za ta bi? Ta kunnensa za ta shiga, ta bakinsa za ta fita. Yaron da ban taɓa ce wa ƙaiƙayi nake ji ba.

Na ce, "Ina ci."

Ya juya ya yi wa likita magana. Likitan ya sake tambayar, ya ƙara tsawaita ta. Yaron bai ko waiwayo ni ba, ya ce, "Ma fi mushkila." Wannan kam na riga na koya, ba matsala ke nan. Likita ya ce alhamdulillahi, ya mayar da tabaransa. Ya ce tunda haka ne ba sai an yanka ba, a gwada magani da gashin ƙashi na 'yan watanni. Ya ƙara wata magana yana ɗaga yatsa, yaron ya ce mini, "Ya ce in ciwon ya ƙaru mu dawo da sauri."

A raksha muka koma, irin a-daidaita-sahun Kano. Ni ina kallon dama, shi yana kallon hagu.

Watannin gashin nan su ne mafi tsawo a rayuwata. Da safe ya kai ni asibiti ya wuce makaranta, in an gama in zauna a bakin ƙofar asibitin in jira shi. Na daina shan ruwa in zan fita, a garin da ko kare ba ya yawo da rana. Na koyi sayen turaren wuta, ina turara zannuwana har su yi baƙi. Ƙwayoyin suna kwantar da wutar ƙafar na ɗan lokaci, sai ta farka da fushi. Wata rana na waiwaya na hango silifa ɗaya can baya a kan titi. Ta fice daga ƙafata ban ji ba.

Ba zan ce yaron bai yi ƙoƙari ba. Ya ga ba na iya cin waken nan nasu da ake dama shi da mai, sai ya nemo garin dawa ya ce zai tuƙa tuwo. Ina daga ɗaki ina jin yadda muciya take buga tukunya, na san gudaji ne zalla. Na ce da ƙarfi, kamar da bango nake, "Da mai tuƙin nan zai yi talge tukuna, da ya huta." Na ji ya yi 'yar dariya. Tuwon ya zo kamar an kwaɓa shi da tsakuwa, na cinye shi tas da miyar kukar da na taho da ita.

A cikin watannin ne Binta ta haihu. Haihuwar fari ce, a ɗakina ya kamata ta yi wanka, ni ya kamata in dafa mata ruwa in dama mata kunun kanwa. Ɗakin ma an ja katanga ta gabansa, ni kuma ina wata duniya. Matar Lawal ce ta karɓe ta. Ranar suna aka kira mu a waya. Ina jin guɗa, ina jin muryoyin matan unguwarmu ɗaya bayan ɗaya, har na gane wadda take faɗa a kan rabon tuwo. Na ce wa Binta, "Yaya jaririn? Da wa ya yi kama?" Ta ce, "Oho, ku tambayi masu shi." Na yi dariya, na ji daɗin tarbiyyar da na yi mata. Da aka kashe wayar na juya fuskata bango.

A bakin ƙofar asibitin akwai wata darbejiya, ƙarƙashinta wata mata tana sayar da shayi a kan murhun gawayi, da 'yan kujeru kewaye da ita. Nan nake jira. Wata rana na zo zama ƙugun ya soke ni, na ce, "Wayyo Allah, bayana!"

Sai na ji an ce, "Sannu, 'yar uwa. Daga wace ƙasa?"

Na ɗauka ciwo ne ya fara taɓa mini kai. Mai shayin ce. Sunanta Hajja Amna, za ta girme ni kaɗan, baƙa ce mai faɗin fuska. Kakanninta ne suka taso da ƙafa za su Makka, guzuri ya ƙare musu a Sudan, suka tsaya tsinkar auduga, tsayawar ke nan. Ba ta taɓa ganin ƙasar Hausa ba, amma Hausarta irin ta tsofaffinmu ce, tana yi tana cusa Larabci. Da na ce Daura, ta ajiye butar shayin ta dafa ƙirji.

"Kakata 'yar Kongolam ce! Ta ce akwai wata kuka a bakin kasuwa da ake ɗaure jakuna. Tana nan?"

Ni ban san wace kuka ba ce, kukoki ai ba iyaka. Na ce, "Tana nan, Hajja, har ta ƙara ƙiba."

Washegari na kawo mata daddawa daga 'yar wadda ta rage mini. Ta kai hanci ta shaƙa, sai hawaye. Ta ce warin ɗakin kakarta ke nan. Tun daga ranar bakina ya samu wurin buɗewa. Na ba ta labarin kowa a unguwarmu, har ta san wadda ba ta mayar da aron turmi. Ta daina karɓar kuɗin shayina.

Ita ce ta kama ni. Wata rana babu kowa a kujerun, ta zauna kusa da ni ta kira sunana ta ce, "Abu, ni sana'ata kallon bakin mutane. Kullum sai ki karɓi shayina ki riƙe har ya huce, in na juya ki ba bishiya. Leɓenki ya tsattsage kamar gonar rani. Ga turaren da kike zubawa, ko amarya albarka. Tun yaushe?"

Na ce, "Tun yaushe me?"

"Na yi jinyar uwata. Kada ki mai da ni yarinya."

Na fashe da kuka a bakin titi, irin kukan da ban yi ba ko ranar da aka fita da maigidana. Na faɗa mata duka. Ta ce, "Likita ya sani?"

"Wa zai faɗa masa?"

"Ɗanki mana. Ba shi ne bakinki ba?"

"Ɗan fari ne, Hajja."

Ta ce, "Kayya! Ashe har yau kuna nan a kan wannan. Kakata ta mutu a hannun babana, ko ruwa za ta nema sai ta ce a faɗa wa wancan." Ta miƙe ta yayyafa wa gawayinta ruwa, ta kira mai sayar da gyaɗa ta ce ta duba mata kaya. "Tashi. Yau ni ce bakinki."

Ba ranar ganin likita ba ce, amma Hajja Amna ta san kowa a asibitin nan, duk shayinta suke sha. Ta yi ta faɗa da masu tsaron ƙofa har muka shiga. Ta yi masa bayani, ina jin kalmar nan tana fita daga bakinta ba ko ɗar. Likitan ya miƙe tsaye. Ya tambaya tun yaushe, na ce tun kafin in baro gida. Ya dafe kai, ya buga tebur da tafin hannu, ya yi magana da sauri. Hajja Amna ba ta san rage magana ba, yadda ya faɗa haka ta juya mini.

"Ya ce ya tambaye ki. Ya ce har ya maimaita. Ya ce da ya sani, da tun a wancan makon ya yanka ki."

Ranar ba a bar ni na koma gida ba. Yaron ya zo ɗaukata bai gan ni ƙarƙashin bishiya ba, mai gyaɗa ta nuna masa ciki. Ina kwance na jiyo muryar likitan a baranda, sama-sama, ba tsayawa. Na kasa kunne in ji abin da yaron zai ce. Muryar likitan kaɗai na ji har ya gama.

An yi mini aiki a bayan. Hajja Amna ta bar wa 'yarta shayin ta zo ta zauna da ni, ita take juya ni, ita take goge ni, tana yi tana tsokanata wai 'yan Daura ashe ba mu da nama a jiki sai baki. Yaron yana bakin ƙofa kullum, ya kawo abinci ya miƙa mata ya koma. Da ciwon yankan ya lafa, na ji wutar ƙafar ta ragu, ta koma kamar garwashin da toka ta rufe. Na yi murna. Na zauna jiran ɗayan. Kowace safiya in ce yau ne, in yi alwala a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Makonni suka wuce.

Ganin likita na ƙarshe mu uku muka shiga. Ya gwada ni da tsinkensa, wurare da yawa ban san ya taɓa ba. Ya yi magana, wannan karon ba faɗa. Hajja Amna ta riƙe hannuna.

"Ya ce jijiyar ta daɗe a danne, kamar tsiron da dutse ya kwanta a kai. Ya ɗaga dutsen, amma tsiron ya riga ya bushe. Ya ce abin da zai dawo ya dawo. Za a koya miki yadda za ki riƙa sa robar fitsari da kanki."

Na ce, "Alhamdulillahi." Ban san me kuma ake cewa ba.

Bayan wannan yaron ya daina zuwa makaranta. Ya daina cin abinci sai shayi. Zai zauna a gadon igiyarsa tun safe yana kallon ƙasa. Wata rana da la'asar na ji shi yana waya da Lawal a bayan ɗaki, ya ɗauka barci nake.

"Kawu, na fasa karatun. Tare za mu dawo. Ni zan riƙa ɗaukarta... A'a, Kawu, ba ka gane ba. An tambaye ta, ni na ɓoye. Ba ta ma san an tambaya ba. Ni na jawo mata."

Saura masa shekara ɗaya ya gama. Kakarsa da ta rene shi ta rasu, ubansa ya rasu, karatun nan shi ne kawai abin da yake da shi a duniya.

Washegari na ce a kai ni wurin Hajja Amna in yi mata sallama. Ta ba mu kujeru, ta zuba mana shayi. Yana zaune can gefe, bai fi a miƙa hannu a taɓa shi ba. Na juya wurinta.

"Hajja, ina da saƙo. Ki faɗa wa wancan."

"Ai ga shi nan. Kunnensa ba a Daura ya baro su ba."

"Ke dai ki faɗa. Ki ce masa ranar farko da likita ya yi tambayar nan, na ji. Kalmar na san ta tun a Islamiyya. Na ga hannunsa a kan kujera. Na san abin da aka tambaya, na kuma san abin da aka juya mini, na ce ina ci."

Hajja Amna ta dube ni, ta juya ta dube shi, ta maimaita masa kalma bayan kalma, da Hausa, kamar daga wani yare ta ɗauko.

"Ki ce masa ko da ya juya mini tambayar yadda take, lafiya lau zan ce. Ko a kan me za a rantsar da ni, lafiya lau zan ce. Don haka kada ya ɗauki kayan da ba nasa ba."

Ta faɗa masa. Ya ajiye kofin a ƙasa, ya ja hular kansa ya rufe fuska, kafaɗunsa suna girgiza. Mutane suna wucewa suna kallonmu. Na ga mai gyaɗa ta kau da kai.

"Ki ce masa ina da masu ɗaukata a gida. Ya koma makaranta."

Wannan ba ta maimaita ba. Ta miƙe ta je ta dafa kansa, tana cewa, "Ya isa, ɗana, ya isa."

Da safe na ji ƙarar ƙofar gida a lokacin da ya saba fita. Na leƙa, littattafansa ba sa kan gadon.

Tare da wasu mutanen Katsina da suka kawo mahaifinsu na dawo. Lawal ya ba ni ɗaki a gidansa, kusa da banɗaki. Gidanmu na dā ina wuce shi in za a kai ni asibiti, an yi wa ɓangarena sabon fenti, wasu ne a ciki. Ƙafar tana nan, in damina ta faɗi sai garwashin ya tashi, in kwana biyu ba na son a taɓa ko zanen gadona. Da sanda nake tafiya. Salla a zaune nake yi, da robata da tsummana, Allah Ya ga abin da Ya ɗora mini. Ƙuli-ƙuli kam sai dai in zauna in ba da umarni, kuma an ce umarnin ya fi suyar yawa. Yaron ya gama karatunsa, yana koyarwa a Katsina. Hajja Amna ban sake jin ɗuriyarta ba tun da wayarta ta daina shiga. Ina yi mata addu'a da sunanta.

Binta kaɗai na ba wannan labarin tun daga farko har ƙarshe, wata rana tana matsa mini ƙafa. Ta saurara ba ta katse ni ba. Da na kai ƙarshe ta tsaya da matsar, ta ce, "Inna, tsakaninki da Allah. Da ya daure ya tambaye ki da Hausa, ba za ki faɗa ba?"

Na gyara ƙafar a kan cinyarta.

Na ce, "Matsa nan ƙasa, wajen diddigen. Nan ne nake ɗan ji."